Inda Ake Tattalin Duhu: Ziyara Zuwa Cibiyar Nazarin Taurari Ta Tsibirin La Palma

Kafin mu hau dutse, bari mu fara daidaita magana, tunda mu ɗaliban harshe ne. Da zarar an ce "duban taurari", hankalin Bahaushe yakan tafi wajen mai duba da bugun ƙasa, wanda zai gaya wa mutum ranar da ta dace ya yi tafiya. Ba shi ake nufi a wannan maƙala ba. Abin da ake nufi shi ne ilimin falaki, wato nazarin rana da wata da taurari ta hanyar awo da lissafi. Masu wannan ilimi sukan gina cibiyoyinsu a ƙwanƙolin duwatsu, nesa da gari, kuma ɗaya daga cikin mafiya shahara tana tsibirin La Palma, cikin tsibiran Kanari da ke tekun Atilantika, yamma da gaɓar Maroko, a ƙarƙashin mulkin ƙasar Sifen. Sunan wurin Roque de los Muchachos, wato "dutsen samari", saboda wasu duwatsu da suka miƙe tsaye a ƙolin tsaunin kamar taron samari a dandali. An buɗe cibiyar a shekarar 1985, tana bisa tsawon kimanin mita 2,400 daga teku.

Mai ziyara yakan taso daga birnin Santa Cruz de La Palma da ke bakin teku. Tafiyar kilomita arba'in ce da 'yan kai, amma takan ci fiye da awa guda, domin hanyar ta cika kwana-kwana. Da farko gonaki ne da gidaje. Can sai mota ta shige cikin gajimare, gari ya yi duhu-duhu, gilashi ya jiƙe. Ba a daɗe ba kuma sai a fito sarari tangaran, rana na haskawa, gajimaren nan yana ƙasa a shimfiɗe kamar an baje auduga. Mutanen tsibirin suna kiran wannan "tekun gajimare". Wanda ya fahimci dalilinsa ya fahimci rabin dalilin gina cibiyar a wannan wuri.

Ga yadda abin yake. Iska mai sanyi da laima tana busowa daga arewa maso gabas ta kan teku, ta bugi jikin tsaunin. A bisanta kuma akwai wata iska busasshiya mai ɗumi da ta danne ta kamar murfin tukunya, ta hana ta hawa. Saboda haka gajimare da hayaƙi da yawancin hasken fitilun gari sukan tsaya a ƙasa, ƙolin dutsen ya zauna cikin iska mai tsabta. Sannan iskar da ke saman ta ratso teku ne, ba ta ci karo da tuddai ba, don haka ba ta da hargitsi. Wannan batu na biyu ya fi na farko muhimmanci ga masana. Ƙyaftawar da muke gani tauraro yana yi ba daga tauraron take ba. Iskar da haskensa ya ratso ce ke motsi, kamar yadda tsakuwar da ke ƙasan rafi take rawa a ido idan ruwa yana gudu. Abin da ya ƙayatar da mai kallo a tsakar gida shi ne ke ɓata wa masani hoto.

Turawan Ingila sun koyi wannan darasi da tsada. A 1967 suka kafa babban madubin hangen nesa mai suna Isaac Newton a kudancin ƙasarsu, amma hadari da fitilun garuruwa suka hana shi aiki yadda ya kamata. Ala tilas aka kwance shi aka kai La Palma, inda ya ci gaba da aiki a 1984. Ɗaya daga cikin mafiya girma a wurin shi ne Gran Telescopio Canarias, wanda aka ƙaddamar a 2009. Faɗin madubinsa mita 10.4 ne, kuma ba falle ɗaya ba ne: ƙananan madubai 36 ne masu kusurwa shida-shida aka jera kamar saƙar zuma, na'urori suna daidaita su a kai a kai domin su yi aiki tamkar guda. Amfanin girman nan tara haske ne, kamar yadda babban baho ya fi kofi tarar ruwan sama. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu ba ta wuce milimita 7 ba, don haka madubin yana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau miliyan biyu. Wani abin da kan ba baƙo mamaki shi ne babu mai kafa ido a jikin na'urar. Kyamarori ke ɗaukar hasken, masana kuma suna zaune a ɗaki gaban kwamfuta.

Taku kaɗan daga gine-ginen, ƙasa ta yanke. Mutum zai tsinci kansa a bakin wani makeken kwari mai faɗin kilomita takwas ko fiye, bangonsa ya gangara fiye da mita dubu. Wannan shi ne Caldera de Taburiente, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1954. Kalmar "caldera" a harshen Sifaniyanci tukunya take nufi. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Leopold von Buch, ya ziyarci tsibiran a 1815, ya ɗauki kalmar ya shigar da ita cikin kalmomin fannu, har yau da ita ake kiran ramin da kan samu idan bakin dutse mai aman wuta ya rufta. Abin dariyar shi ne daga baya an gano cewa wannan kwari da ya ba da sunan, zaizayar ruwa da zaftarewar ƙasa ne suka fi ƙwaƙule shi. Mai nazarin aron kalmomi ya lura: kalma takan bar gida ta ɗauki ma'anar da gidan nata bai cika ba.

A cikin kwarin da gangaren tsaunin akwai wani dogon itace mai ganye kamar allurai, fain na Kanari. Dogayen ganyensa sukan tace laimar gajimare, ruwan ya riƙa ɗiga ƙasa ko da ba a yi ruwan sama ba. Ɓawonsa kuma mai kauri ne ƙwarai, idan gobarar daji ta ƙone shi ƙurmus yakan sake toho daga jikin kututturen. A ƙolin kuwa itatuwa sun ƙare, sai gajerun tsirrai da kan rufe dutsen da rawayen fure a farkon lokacin zafi. Akwai kuma wani tsuntsu dangin hankaka, baƙi wuluk mai jan baki da jajayen ƙafafu, da ake kira graja. A duk tsibiran Kanari, La Palma ce kaɗai matattararsa.

Amma duk wannan baiwa ba za ta yi amfani ba in mutanen da ke ƙasa suka haske sama da fitilu. Shi ya sa a 1988 ƙasar Sifen ta yi doka ta musamman don kare sararin samaniyar tsibirin. Dokar ta ce fitilun titi su dubi ƙasa, a rage hasken ado da na talla bayan tsakar dare, a taƙaita masana'antu masu hayaƙi a kan tudu, a kuma karkatar da jiragen sama daga kan cibiyar. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi: mai shago da direba da manomin ayaba, waɗanda ƙila ba su taɓa shiga cibiyar ba, da su ake aikin kowane dare.

Akwai dai abin da doka ba ta iya tarewa. A 2021 dutse ya yi aman wuta a kudancin tsibirin tsawon kwana 85, ya cinye gidaje da gonaki, tokarsa kuma ta sa aka riƙa rufe madubai don kada ta lalata su. Ɗaya baƙon kuwa mun san shi sarai: ƙurar hamadar Sahara, wadda su suke kira kalima, mu kuma muke shaƙar irinta da hunturu. Idan ta yi yawa, sai a rufe rumfunan a jira ta wuce.

Da rana ake karɓar baƙi. Da magariba ta gabato sai a tare hanyar shiga harabar, domin fitilar mota ɗaya tana iya ɓata aikin awa guda. Mai son kallo sai ya sauka ƙasa kaɗan, ya tsaya a ɗaya daga cikin wuraren da aka tanada a gefen hanya, ya kashe fitila, ya ba idonsa minti ashirin ya saba da duhu. Idan lokacin sanyi ne, Kaza da 'Ya'yanta za su bayyana a bisa kansa, waɗanda ya saba gani a gida, sai dai 'ya'yan sun fi yawa.