Dick Winters: Sojan Laiman da Ya Toshe Bakin Igwa Huɗu a Nomandi

A Yaƙin Duniya na Biyu, shiga sojan laima a Amurka ba dole ba ne, mutum ne ke kai kansa. Sai ya yi tsalle sau biyar daga jirgi kafin a maƙala masa tambarin fukafukai a ƙirji, kuma saboda haɗarin aikin ana ƙara wa ƙaramin soja dala 50 a albashinsa na wata, hafsa kuma dala 100. Cikin waɗanda suka kai kansu akwai Richard Winters, wanda aka fi sani da Dick.

An haife shi a jihar Fensilbaniya ranar 21 ga Janairun 1918. Ya gama kwalejin Franklin and Marshall a 1941, ya shiga soja a watan Agusta na wannan shekarar, ya zama laftanar a 1942. Daga nan aka tura shi sansanin Toccoa a jihar Jojiya, inda ya faɗa kamfanin da ake kira Easy, a runduna ta 506. Horon wurin ba na wasa ba ne: akwai dutsen Currahee da ake hawa a guje, mil uku zuwa sama, mil uku dawowa. Winters mutum ne mai shiru, ba ya shan giya, ba ya zagin na ƙasa da shi, abin da ya sa sojoji suka fi sakin jiki da shi a kan kwamandansu, Kyaftin Herbert Sobel, wanda ya yi suna wajen tsanani.

A daren 5 ga Yunin 1944, wayewar 6, jiragen C-47 suka kwashi sojojin laiman Amurka kusan 13,000 daga Ingila zuwa yankin Nomandi na Faransa. Gajimare da harbin Jamusawa suka tarwatsa jiragen, aka zubar da mutane nesa da wuraren da aka tsara. Iskar jirgi ta fizge jakar da Winters ya ɗaure a ƙafa, bindigarsa na ciki, ya sauka kusa da garin Sainte-Mère-Église hannu rabbana. Jirgin da ke ɗauke da kwamandan kamfanin da ya gaji Sobel, Laftanar Thomas Meehan, an harbo shi, babu wanda ya tsira. Ragamar kamfanin ta faɗo hannun Winters ke nan, shi ko bai sani ba tukuna.

Da gari ya waye aka ba shi aiki. A wata gona mai suna Brécourt, Jamusawa sun girke igwa huɗu masu bakin milimita 105, suna ruwan wuta a kan hanyoyin da sojojin da ke sauka daga teku a gaɓar da aka laƙaba wa suna Utah za su bi. Masu tsaron igwogin sun kai hamsin, a cikin ramukan da suka haɗa igwa da igwa. Mutanen Winters kuwa ba su wuce goma sha uku ba.

Bai kai farmaki gaba da gaba ba. Sai da ya lallaɓa shi kaɗai ya leƙo wurin, sannan ya ajiye bindigogi biyu masu jigida su hana Jamusawa ɗaga kai, ya tura wasu ta gefe da gurneti, shi kuma ya ja sauran suka auka cikin ramin. Da igwar farko ta shiga hannu, ramin da Jamusawa suka haƙa don kare kansu ya zama hanyar da ta kai shi ga ta biyu da ta uku. Kowace suka kama, sai su cusa mata nakiya a baki su fasa. Ta huɗun, Laftanar Ronald Speirs ne ya ƙarasa ta da 'yan mutanen da ya kawo ɗauki. A wurin Winters ya tsinci taswirar da ke nuna inda Jamusawa suka girke manyan bindigoginsu a yankin, ya aika wa na sama. Wannan aiki ya jawo masa lambar Distinguished Service Cross, ta biyu a daraja cikin lambobin jarumtar sojan ƙasa na Amurka.

Bayan haka ya sake tsalle a Holand a Satumban 1944, ya sha sanyi da ƙawanya a Bastogne ta Beljiyam a Disamba, ya kuma isa Berchtesgaden, mafakar Hitila a kan duwatsu, a Mayun 1945 yana da muƙamin manjo.

Da aka gama yaƙi ya tuɓe kaki. An sake kiransa a 1951 lokacin yaƙin Koriya, ya horar da sojoji a cikin Amurka, bai je fagen daga ba. Daga baya ya sayi gona a jiharsu, ya riƙe sana'ar sayar da abincin dabbobi, ya yi shekaru ba wanda ya damu da labarinsa. Littafin Band of Brothers na Stephen Ambrose a 1992, da fim mai dogon zango da tashar HBO ta yi daga littafin a 2001, su suka fito da sunansa duniya. Ya rasu ranar 2 ga Janairun 2011 yana da shekara 92. A ranar 6 ga Yunin 2012 aka buɗe mutum-mutuminsa kusa da Sainte-Marie-du-Mont a Nomandi, aka sadaukar da shi ga dukkan ƙananan hafsoshin Amurka da suka ja mutane a ranar saukar Nomandi.