Tsohuwar Da Ta Mutu A Hanyar Ostareliya

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wata tsohuwa ta Ingila, sunanta Elizabeth Beckford, don mu ga irin hukuncin da a ke yi wa talakawan ƙasar a zamanin dā.

A wancan lokaci, in mutum ya yi sata, ko da ta ƙaramin abu ce, sai a kore shi daga ƙasa. Da fari Amurka a ke kai su. Da Amurkawa suka ƙwaci kansu a 1776, hanyar nan ta toshe, gidajen kurkuku suka cika maƙil, har aka riƙa tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa. Saboda haka gwamnati ta ƙudura ta kai su Ostareliya.

A watan Janairu 1787 aka kai Elizabeth gaban alƙali a Landan. Laifinta, ta saci cuku laba 12, na sule 4. Shekarunta sun kai 70, amma duk da haka aka yanke mata korar shekara 7. Aka sa ta cikin jirgi mai suna Lady Penrhyn tare da mata 'yan sarƙa wajen 100.

Ran 13 ga Mayu 1787 jirage 11 suka tashi daga Portsmouth, Kyaftin Arthur Phillip shi ne shugaba. Matan suna kwana a ƙarƙashin jirgi, wuri mai duhu da zafi, ba isasshiyar iska. Tsohuwar kuwa ta daɗe tana fama da ciwon kumburi, watau ruwa ya taru a jikinta. Cikin watan Yuli, kafin su isa Rio, ta cika da dare. Likitan jirgin, Arthur Bowes Smyth, ya rubuta cewa a daren nan aka karanta mata addu'ar jana'iza, aka saki gawarta cikin teku. Sauran suka isa Ostareliya a Janairu 1788, bayan wata 8.

Ayari na biyu, na 1790, ya fi wannan muni ƙwarai. Wani kamfani mai fataucin bayi aka ba kwangilar, ana biyansa bisa yawan waɗanda suka shiga jirgi, ko sun isa ko ba su isa ba. Cikin mutum wajen 1,000, fiye da 250 suka mutu a hanya. Daga baya aka gyara, aka sa lada bisa waɗanda suka sauka da rai, mace-mace kuwa suka ragu. Kafin a daina korar a 1868, an kai mutum wajen 162,000, mata kamar 25,000 ne a ciki.

A ganina, alƙalin ya san tsohuwa irin wannan ba za ta sake ganin gida ba. Mu da za mu riƙe yara a aji, sai mu tuna da ita, mu auna horo daidai da laifi, mu kuma dubi ƙarfin wanda za a hora.