Zuwa Kano kai kaɗai: abin da ɗan Magariya da ɗan Dungas ya kamata su sani

Mutanenmu da yawa sun san Kano, amma ta bakin kasuwa kawai: a sauka, a sari atamfa a Kantin Kwari, a ɗaure kaya, a juyo. Wanda ke son ganin birnin kansa, shi kaɗai, ba ɗan rakiya, tafiyarsa daban ce. Babbar matsalarsa ita ce jin Hausa, domin yana sa shi ya ɗauka shi ba baƙo ba ne. Alhali da ya buɗe baki an gane daga inda ya fito.

Daga Magariya ana bi ta Tinkim a shiga Babban Mutum a jihar Katsina. Daga Dungas kuwa ta Maigatari a Jigawa, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta. Ka riƙe naka a jiki, ba cikin jaka ba, ka kuma tambayi direbobin tasha halin da iyaka ke ciki a makon da za ka tashi.

Sai kuɗi, inda baƙo ya fi shan ƙasa. A nan in an ce ɗari, dala ɗari ake nufi, wato sefa 500. A Kano ɗari naira 100 ce, babu lissafin dala, babu jika. Masu canji suna Wapa, a unguwar Fagge, tsohon masaukin fatake. Ji farashi wajen mutum biyu ko uku, ka ƙirga a gabansa kafin ka motsa.

Kada ka nemi kabu-kabu: an hana ɗaukar fasinja a babur tun Janairun 2013. Keke mai ƙafa uku, a-daidaita-sahu, shi ne abin hawa. A daidaita kuɗi kafin a shiga, a kuma faɗa ko kai kaɗai ne ko za a haɗa ka da wasu.

Tsohon birni na son sammako. Fara da Dutsen Dala kafin rana ta yi zafi. Daga sama ake gane girman garin, da yadda ya tsallake ganuwarsa nesa. Daga nan a gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Lungunanta matsattsu ne, ga masu dukanci, ga masu turare da kayan doki, kuma ɓata a ciki ba abin kunya ba ne. Tambayi mai shago da ke zaune, ba wanda ya biyo ka yana neman nuna hanya ba. Gidan Makama, gidan tarihi, yana kusa da fadar sarki, Gidan Rumfa. A Ƙofar Mata har yanzu ana rini da baba a cikin karofi. Wanda ya saba ganin baƙin rawani a kan Buzayenmu zai so ya tsaya ya ga yadda ake tsoma zane, a fidda, a bar shi ya sha iska, a sake tsomawa. Nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Hawan Salla na Kano ya shiga jerin gadon al'adu na UNESCO a Disamban 2024, sai dai rikicin sarauta ya sa an soke shi fiye da sau ɗaya a shekarun nan. Kada ka kashe kuɗin mota saboda shi kaɗai sai ka tabbatar za a yi.

Ƙwacen waya kuwa abu ne da Kanawa da kansu ke kuka da shi, musamman bayan magariba. Ka san masaukinka tun da rana, ka rubuta lambar wani na gida a takarda, ka faɗa masa unguwar da za ka kwana.