Fito A Cikin Injin Mota: Abin Da Ya Kamata Mai Shanu Ya Sani

A zamanin iyayenmu da ƙafa ake koro shanu daga arewa, a biyo ta Salaga da Yeji da Prang da Atebubu har Kumasi, idan saniya ta gaji a tsaya ta yi kiwo. Yau kuwa dukiyarmu a bayan tirela take, daga Paga zuwa karar Tulaku a Ashaiman, tafiyar da ta haura kilomita 800. Saboda haka lafiyar mota ta shafe mu kai tsaye, domin mai buhun masara yana iya kwana uku a bakin hanya kayansa na nan, amma mai shanu kowace sa'a ramewa suke yi.

A 2019, saura kwana goma Layya, na yi lodin shanu 36 muka ƙetaro Paga da la'asar. Muna wuce Walewale na fara jin wani siririn fito daga injin. Na yi wa direba magana, ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, damina ce, ruwa ne ya taɓa fambel." Na yi shiru. Muka wuce Tamale inda akwai gyara, muka haye gadar Yapei da ta Buipe, fiton na ƙara ƙarfi. Kafin Kintampo allurar zafi ta tashi, mota ta tsaya. Ashe boris ɗin famfon ruwa ne ke kuka tun jiya, ya ƙame ya tsinka fambel. Sai da aka aika Techiman neman kaya. Tun hantsi muke wurin har bayan isha. Shanu biyu suka kwanta, ɗaya dole muka yanka muka sayar a wulaƙance, sauran suka iso Tulaku a rame. Ribar tafiyar duka a nan ta tafi.

Bayan haka na zauna da wani dattijon fita da ke gyaran manyan motoci, na ce, "Masta, koya mini yadda ake gane kukan nan." Ya ce abu na farko shi ne a lura da lokacin da fiton ke zuwa, shi ke nuna inda ciwon yake. Ga abin da na riƙe.

Na ɗaya, fiton da ke zuwa da an ta da mota da safe, ko an shiga ruwa, ya ɗan jima ya ɗauke. Galibi fambel ne ya saki ko ya tsufa yana sulɓi. A kashe injin a duba: idan ya tsattsage ko yana ƙyalli, a canja. Irin tsohon fambel ɗin nan, in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita 1 ba. Kada a yarda yaron mota ya goga masa sabulu, wannan rufe bakin mara lafiya ne.

Na biyu, fiton da ba ya ɗaukewa, yana hawa yana sauka tare da totur ko mota na tsaye. Wannan a tuhumi boris, na famfon ruwa ko na dainamo ko na ƙafar da ke ɗaure fambel. Fita yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin kowanne ya kara ƙotar a kunne, amma wannan aikin masu sana'a ne, mai babbar riga da rawani kada ya kusanci injin da ke juyawa. Abin da kai za ka iya shi ne, bayan an kashe, ka duba ko ruwa na tsatsafowa a ƙarƙashin famfo, ka girgiza fanka ka ji ko tana lilo. Irin wannan ne ya ci ni.

Na uku, fiton da ba a jinsa sai an taka mota da kaya, musamman a hawa, ga baƙin hayaƙi, ga mota ba ta ja. Wannan iskar tobo ce ke gudu ta tiyon da ya huje ko maɗaurinsa ya saki. Tobo mai lafiya yana da ɗan siririn fitonsa, domin yana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Amma idan ya koma kamar jiniya, ga shuɗin hayaƙi, ga baƙin mai na raguwa, to tobon ne da kansa, a tsaya. Lokacin hunturu kuma a riƙa duba matatar iska, ƙura na toshe ta.

Na huɗu, fito mai haɗe da ƙyas-ƙyas tun injin na da sanyi, wanda ke raguwa in ya yi zafi. A duba inda salansa ta kama jikin injin, za a ga baƙin kunkunniya a wurin da gasket ya ci. Hayaƙin nan yana shiga gidan direba ya sa shi ciwon kai da gyangyaɗi.

Na biyar, fiton da ke zuwa bayan an kashe mota. Idan kamar butar shayi ne, murfin lagireto ne ko tiyon ruwa, kuma kada kowa ya buɗe murfin da zafi, ruwan ya wuce tafasa. Idan kuwa "sss" ne mara yankewa, allurar iska na sauka, to iskar birki ce ke zuba. A shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Wannan shi ne mafi hatsari: motar da iskarta ke zuba kada ta motsa da shanu, balle da mutane.

Mu da ke yawo da ƙananan motocin fetur tsakanin Nima da Maamobi da Ashaiman, fitonsu yakan zo ne idan mota na silo, tana rawa kamar za ta mutu. Sau da yawa ɗan ƙaramin tiyon iska ne ya tsage, kuɗinsa bai kai na cefanen rana ɗaya ba.

Shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce, kafin saniya ta farko ta hau, ka tsaya da kanka a ta da injin a gabanka, ka saurara, a kashe ka sake saurarawa. Ka tambaya ko akwai fambel da tiyo da maɗauri na ajiya, da jarkar ruwa. A yi magana da mai mota gaban shaidu tun a wurin lodi: in mota ta lalace saboda sakaci, wa zai ɗauki asara? Idan fito ya fara a hanya, a tsaya a gari na gaba mai gyara, Bolga ko Tamale ko Techiman ko Magazine ta Suame a Kumasi. Masu tashi daga Ankara kuwa ga Abossey Okai da Kokompe, ba su da uzuri.

Direba ba maƙiyinka ba ne, shi ma sauri yake ya sauke ya koma. Yi masa magana da mutunci, amma ka tsaya a kan maganarka. Mu da muke gane saniya mai ciwon huhu daga tarinta tun tana nesa, bai kamata kukan ƙarfe ya gagare mu ba. Dabbobin nan amana ce, za a tambaye mu ƙishirwar da suka sha a rana. Malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, Hausawa kuma suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.