Terminfo: Kundin da Ke Hana Rubutu Hargitsewa a Baƙin Allon Termux

Duk wanda ya taɓa saka Termux a wayarsa ta Android ya san baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai. Da shi matasa da yawa ke koyon Python da Linux, wasu ma da shi suke shiga uwar garken da suka yi haya ta hanyar SSH. Aiki yakan tafi lafiya har ranar da mutum zai buɗe tmux, ya shiga wata tsohuwar uwar garke, ya rubuta nano don gyara fayil, sai kawai a amsa masa da:

Error opening terminal: tmux-256color.

Wani lokacin ko saƙon ba za a gani ba. Manhajar za ta buɗe, amma layuka su hau kan juna, maɓallin gogewa ya riƙa rubuta ^H maimakon ya goge, ko kuma Home da End su ƙi aiki. Wanda ke gyara fayil ɗin saitin shafinsa a irin wannan allo yana iya goge layin da ba shi ya nufa ba, ya adana, shafi ya sauka.

Sau da yawa wayar lafiyarta lau, intanet ma haka. Matsalar tana cikin wani rumbun bayanai mai suna terminfo: ko dai ba shi da bayanin taminal ɗin da ake amfani da shi, ko kuma bayanin da ke ciki ba daidai ba ne.

Asalin matsalar

A shekarun 1970 kwamfuta ɗaya ce babba a wani ɗaki, mutane kuma suna aiki da ita ta na'urori masu allo da madannai da ake kira taminal. Kamfanoni barkatai ne ke ƙera su, kuma kowanne da yarensa. Idan ana son goge allon ADM-3A na kamfanin Lear Siegler, alama ɗaya ake aika masa, wato Ctrl-Z. VT52 na kamfanin DEC kuwa sai an aika masa ESC H sannan ESC J. VT100, wanda DEC ɗin ya fitar a 1978, nasa daban ne kuma. Manhajar da aka rubuta don ɗaya, idan aka kai ta kan ɗayan, shara kawai take zubawa a allo.

Bill Joy, wanda ya rubuta manhajar gyaran rubutu ta vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, ya samo mafita a 1978. Ya ware bayanin kowane taminal a cikin fayil guda mai suna termcap. Manhaja ba ta buƙatar haddace yaren kowace na'ura. Za ta duba fayil ɗin ne ta ga yadda ake goge allo ko matsar da sandar rubutu a kan na'urar da ke gabanta. Sai dai termcap yana da ƙunci: kowace ƙwarewa haruffa biyu ne sunanta, bayanin na'ura ɗaya kuma ba ya wuce bayit 1023. A farkon shekarun 1980 Mary Ann Horton ta tsara terminfo, mai dogayen sunaye, wanda ake matse shi zuwa ƙananan fayiloli don a karanta da sauri. Shi ne ake amfani da shi har yau a Linux, da macOS, da Termux.

Waɗancan na'urori sun zama kayan tarihi, amma manhajojin da suka gaje su, irin su xterm, da PuTTY, da kitty, da Termux, kwaikwayonsu suke yi. Kuma su ma ba su yi ittifaƙi a kan komai ba.

Yadda yake aiki

Komai ya rataya ne a kan suna guda. Duk taminal idan ya buɗe yakan ajiye sunansa a wani ma'aji da ake kira TERM. A Termux, wanda ya rubuta `echo $TERM` zai ga xterm-256color. Manhajoji irin su nano da htop da less suna ɗaukar wannan suna, su nemi fayil ɗinsa a rumbun terminfo, su yi aiki da abin da suka samu ba tare da wani bincike ba.

Bayanan da ke ciki iri uku ne. Akwai na e ko a'a, kamar `am`, mai nufin rubutu yana sauka layi na gaba da kansa idan ya kai ƙarshe. Akwai na adadi, kamar `colors#256`. Akwai kuma na umarni, kamar wannan:

`cup=\E[%i%p1%d;%p2%dH`

Wannan shi ne tsarin kai sandar rubutu layi kaza, gurbi kaza. `%i` ɗin nan yana ƙara ɗaya a kan lambobin biyu, domin manhaja daga sifili take fara ƙirga, taminal kuwa daga ɗaya. Da za a manta da shi, duk abin da aka zana a allo zai goce da layi ɗaya da gurbi ɗaya.

Abin lura shi ne SSH sunan kawai yake kaiwa uwar garke, ba ya kai bayanin. Idan uwar garken ba ta da fayil mai wannan suna, saƙon kuskuren can na sama ne zai fito. Idan kuma tana da shi amma tsoho ne, ko sunan ba na gaskiya ba ne, sai allo ya hargitse.

Wa ke kula da kundin?

Babban kundin da kusan duk rassan Linux ke ɗauka yana zuwa ne tare da ncurses, tarin lambobin da manhajoji ke jingina da shi wajen zane a taminal. Zeyd Ben-Halim ne ya fara fitar da ncurses a 1993, Eric Raymond ya yi aiki a kansa, sannan tun 1996 Thomas Dickey ke riƙe da shi. Shi ne kuma mai kula da xterm. Kusan kowane mako yakan fitar da faci mai ɗauke da kwanan wata, kuma sau da yawa a cikinsa akwai gyaran bayanin wani taminal ko na wani shafin jagora.

Kundin kansa dogon fayil ne guda, terminfo.src. Bayan lambobin umarni, cike yake da sharhi: wane ne ya kawo bayanin, da me aka gwada shi, wane abu ne na'urar ta yi iƙirarin tana yi amma gwaji ya nuna ba ta yi. A ƙarshensa akwai tarihin sauye-sauye na shekaru da dama. Don kada a yi ta maimaita abu ɗaya, ana amfani da `use=`, wato wani bayani ya gaji wani. Amfaninsa a fili yake, amma yana da haɗari: gyara guda a tubali ɗaya yana shafar duk bayanan da suka gaje shi.

Ba a rubuta bayani don kawai mai manhaja ya ce tasa tana iya abu. Akwai kayan gwaji irin su vttest da tack, waɗanda ke aika umarni ɗaya bayan ɗaya a ga abin da ya faru a allo. Abin da aka gani shi ake rubutawa.

Sai kuma shafukan jagora, waɗanda ake buɗewa da `man terminfo`. Jadawalin ƙwarewar da ke cikin wannan shafi ba da hannu ake rubuta shi ba. Daga wani fayil mai suna Caps ake fitar da shi, kuma daga wannan fayil ɗin ne ake samar da jerin sunayen da ncurses kansa ke aiki da su. Ta haka jagora da manhaja ba za su saɓa a kan sunaye ba. Sauran bayanin kuwa sai mutum ya zauna ya karanta, ya gwada, ya gyara. A 'yan shekarun nan Branden Robinson, mai kula da manhajar tsara rubutu ta groff, ya aika gyare-gyare masu yawa a kan shafukan jagoran ncurses.

Ƙananan kurakurai masu babbar illa

Ja da shuɗi. Terminfo yana da hanyoyi biyu na zaɓen launin rubutu: tsohuwa `setf` da kuma `setaf`. A `setaf` lamba 1 ja ce, 4 shuɗi. A `setf` kuwa an juya: 1 shuɗi, 4 ja. Shafin jagora ya ware jadawali biyu don wannan kaɗai, ya kuma yi gargaɗi a kai. Wanda ya haɗa su, saƙon gargaɗinsa da ya kamata ya fito da ja zai fito da shuɗi.

Maɓallin gogewa. Wasu taminal lamba 8 suke aikawa idan an danna shi, wato ^H, wasu kuma 127. Terminfo yana rubuta wannan a `kbs`. Rassan Linux da BSD ba su daidaita a kai ba, har ta kai ncurses yana da zaɓi na musamman da masu haɗa shi ke saitawa don bayanin xterm ya dace da tsarinsu. Wannan saɓani na daga cikin dalilan da gogewa ke aiki a waya amma ya ƙi a wata uwar garke.

Kusurwar ƙasa ta dama. Wasu taminal da zarar an rubuta harafi a gurbin ƙarshe sai su sauka layi nan take. VT100 da masu kwaikwayonsa kuwa jira suke sai harafi na gaba ya zo. Alamar `xenl` ce ke nuna bambancin. Idan aka rubuta ta ga taminal ɗin da ba ya jira, harafi ɗaya a kusurwar ƙasa zai iya tura dukan allo sama da layi ɗaya.

Adadin da ya fi ƙarfin ma'aji. Launi 256 na rubutu da 256 na bango sun ba da haɗi 65,536. Tsohon tsarin fayil ɗin terminfo ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 32,767, don haka shekara da shekaru ita ake rubutawa, duk da an san ba ita ce cikakkiya ba. Sai a ncurses 6.1, a Janairun 2018, aka faɗaɗa tsarin. Wannan ne kuma ya ba da damar bayanai irin su xterm-direct mai launi 16,777,216.

Kundin yana ɗauke da tabon tsofaffin na'urori ma. Akwai alamar `hz` don taminal ɗin Hazeltine da ba ya iya nuna alamar ~, akwai kuma rubutu irin `$<5>` mai nufin a dakata milisakan biyar, saboda na'urorin da ba sa iya gama goge allo kafin harafi na gaba ya iso. Ba a cire su, domin ƙa'idar X/Open Curses ta san da su, kuma cire ɗaya daga tsakiya zai rikita jerin da fayilolin da aka riga aka matse suka dogara da shi.

Aron suna

Abin da ya fi wahalar da masu wannan aiki shi ne manhajojin da ke amsa sunan xterm alhali ba su ba ne. Dalilinsu a bayyane yake: kusan kowace uwar garke ta san wannan suna, don haka ba za a ga saƙon kuskure ba. Amma idan manhajar ba ta yin duk abin da bayanin xterm ya ce, sai a samu maɓallin da ba ya aiki ko zanen da ya karkace, a je a kai ƙarar ncurses ko nano alhali laifin ba nasu ba ne.

Waɗanda suka zaɓi sunan kansu su ma suna shan wahala ta wata fuskar. Sabon bayani sai ya shiga kundi, sannan rassan Linux su ɗauka, sannan masu uwar garke su sabunta, abin da kan ci shekaru. Kwamfutocin Apple sun daɗe suna zuwa da ncurses 5.7 na 2008, wanda bai san tmux-256color ba. A Debian da Ubuntu kuma kundin kashi biyu ne: ncurses-base mai 'yan bayanan da aka fi buƙata, da ncurses-term mai sauran, wanda sai an saka shi daban.

Abin yi idan allo ya hargitse

A Termux, `pkg install ncurses-utils` zai kawo kayan aikin. Daga nan `infocmp` zai baje bayanin taminal ɗin da ake ciki, `tput colors` kuma zai faɗi adadin launin da kundin ya ce akwai. Idan allo ya riga ya rikice, `reset` yakan dawo da shi hayyacinsa.

Idan uwar garke ba ta san sunan ba, hanya mafi tsafta ita ce a kai mata bayanin:

`infocmp -x | ssh sunan-uwar-garke tic -x -`

Kashi na farko yana fitar da bayanin daga waya, na biyu kuma yana matse shi a can. Ga wanda ba shi da ikon shugaban na'ura, fayil ɗin zai sauka ne a ~/.terminfo, ba tare da ya taɓa na sauran masu amfani da ita ba. Sau ɗaya ake yi. Mai cikakken iko a Debian ko Ubuntu yana iya saka ncurses-term kawai.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne shawarar nan da ta yaɗu, ta rubuta `export TERM=xterm` a cikin .bashrc. Saƙon kuskure zai ɓace, amma daga ranar duk taminal ɗin da aka shigo da shi, har da cikin tmux, sunan xterm zai riƙa amsawa, kuma matsalar za ta dawo ta sigar da ta fi wuyar ganewa. Idan dole ce ta kama, a yi aron sunan don wannan shigar kaɗai: `TERM=xterm-256color ssh sunan-uwar-garke`.

Wanda kuma ya gano kuskure na gaske a kundin ko a shafin jagora, masu ncurses suna karɓar rahoto daga kowa. Rahoton da ke da amfani shi ne wanda ya faɗi sunan taminal da zubinsa, da zubin ncurses, wanda `tic -V` ke nunawa, da abin da infocmp ya fitar, sannan da abin da aka gani a allo saɓanin abin da aka rubuta. Duk waɗannan ana iya tattara su da wayar da ke hannu.