TAFIYA CIKIN JIRGI A GUNGUN YAWURI

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da rafi da tafki, sai kuwa madatsar Mairuwa. Amma in kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, samarinmu da yawa su kan fita cin rani. Waɗansu su kan kai har ƙasar Yawuri, neman albasa da busasshen kifi, ko aikin ƙodago. Wanda ya je can kuwa ba makawa sai ya shiga jirgin ruwa, ga shi bai iya iyo ba. Saboda haka ya kamata mu san wannan ruwa da halinsa tun muna gida.

Ina Yawuri ta ke?

Yawuri tana Jihar Kabi, a bakin Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja. Babban garinta Yalwa. Kwara ta taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ta ratsa Mali da Nijar, sa'an nan ta shigo Nijeriya. Tsawonta wajen mil 2,600 ne.

Mu ma da hannunmu cikin wannan kogi. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya faro. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara a gaban Yawuri ta arewa. Watau ruwan saman da ya sauka bisa gonakinmu, wani sashinsa shi ne ke ɗauke da jiragen Yawuri.

Gungu da Gungawa

In ruwa ya kewaye ƙasa ta kowane gefe, wannan ƙasa sunanta tsibiri. Mutanen Yawuri suna ce mata gungu. Daga nan ne mazaunan tsibiran suka sami sunan Gungawa, ko da ya ke su suna kiran kansu Reshe, suna kuwa da harshensu dabam. Manoma ne, sun shahara da noman albasa a bakin ruwa. Akwai kuma Sarkawa, waɗanda suka gangaro daga Kabi, su sana'arsu su.

Mutumin gungu ba shi da jaki ko keke sai jirgi. Da shi ya ke zuwa gona, da shi ya ke cin kasuwa, da shi a ke kai amarya. Yaro ya kan koyi tuƙi tun bai kai kaciya ba. Har wasa su ke da shi, ana kiransa Rigata, inda matuƙa ke tseren jirage a gaban Sarkin Yawuri da jama'a.

Jiragen iri-iri ne. Akwai ƙaramin kwalekwale na masu su, wanda a ke tuƙawa da hannu, ko a tokara shi da gora in ruwa ba zurfi. Akwai kuma babban jirgin katako mai inji, mai ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi ranar kasuwa. Shi ne baƙo ya fi shiga.

A waɗansu ƙasashe iska ce ke tura jirgi. A kan kafa dogon itace a tsakiyarsa, a ɗaura masa babban ƙyalle, in iska ta cika ƙyallen sai jirgi ya tafi. Irin wannan jirgi ne kakanninmu alhazan ƙasa suka riƙa shiga a Sawakin, wani gari da ke bisa tsibiri a gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, su ƙetara zuwa Jidda. In iska ba ta yi daidai ba sai a zauna a jira, ko da kwana nawa ne. Wannan haƙuri nasu abin koyi ne ga duk mai shiga ruwa.

Tafkin Kainji

A da, Kwara tsakanin Yalwa da Busa cike ta ke da tsibirai da duwatsu. A duwatsun Busa ne Bature Mungo Park ya halaka da jirginsa cikin 1806. Cikin 1964 aka fara gina madatsar Kainji domin samun wutar lantarki, aka gama cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80. Ya cinye tsohon garin Busa, da babban tsibirin Foge, da ƙauyuka masu yawa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka sake musu matsuguni.

Wannan ya sake halin ruwan. Kogi siriri ne, mutum yana ganin gaɓa. Tafki kuwa fili ne fetal, iska tana samun wurin gudu, ta tayar da igiyar ruwa. Ban da haka, itatuwan da ruwa ya rufe ba duka suka ruɓe ba. Kututturansu suna nan ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya su ne ke fasa cikin jirgi.

Lokatan ruwa

Kwara a nan sau biyu ta ke cika a shekara. Cikar farko da damina ce, wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan ƙasashenmu ne, mai laka, ana ce masa farin ruwa. Cika ta biyu da hunturu ta ke zuwa, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Ruwan saman Gini ne. Ya kan daɗe yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta can, sa'an nan ya iso bayan watanni. Shi a ke kira baƙin ruwa.

Da hunturu abin tsoro shi ne hazo, don matuƙi ba ya ganin gabansa. Da bazara ruwa ya kan yi ƙasa, kututture da duwatsu su matso sama. Farkon damina kuma lokacin hadari ne. Ya kan taso daga gabas, yawanci da la'asar ko da dare, iska mai ƙarfi tana gabansa. Saboda haka tafiyar safe ta fi ta yamma.

Me ke sa jirgi ya nutse?

Ga abin da kowa zai iya gwadawa a gida. A cika babban daro da ruwa, a ɗora ƙwarya a kai. Za ta yi ta yawo. A riƙa zuba mata tsakuwa kaɗan kaɗan. Duk tsakuwar da aka ƙara, ƙwarya tana ƙara shiga ruwa, har bakinta ya kusa daidai da ruwan. To, a nan ko yatsa aka kaɗa cikin daron, ruwa zai shiga, ta nutse. A sake gwadawa, a tara tsakuwar gefe guda. Za ta kife tun ba ta cika ba.

Haka jirgi ya ke. Tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ita ce ran mutanen ciki. Kowane buhu, kowane babur, kowane mutum da aka ƙara, yana rage ta.

Ran 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki. Ya fashe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kawai. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara kuma wani ya nutse a madatsar Watari, a Ɓagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. Duka biyu an ɗora wa jiragen abin da ya fi ƙarfinsu.

Abin da za mu kiyaye

1. Mu dubi jirgi kafin mu biya kuɗin fito. In bakinsa ya kusa ruwa, ko ana ta kwashe ruwa daga cikinsa tun bai tashi ba, mu jira na baya.

2. Mu nemi rigar ruwa, watau rigar da ke hana mutum nutsewa, mu ɗaura ta sosai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai babban ofishi a Lakwaja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare.

3. In an rubuta yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, mu karanta, mu ƙirga. Ga amfanin karatun da mu ke yi ke nan.

4. Mu zauna inda matuƙi ya ce. Kada mu miƙe tsaye, kada mu ruga gefe guda don kallo ko don tsoro.

5. In hadari ya haɗu a gabas, ko hazo ya yi kauri, mu fasa. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.

6. Mu tambayi Sarkin Ruwa da dattawan wurin. Matambayi ba ya ɓata.

7. In jirgi ya kife, mu saki kaya, mu kama jirgin ko abin da ke yawo bisa ruwa, kamar jarka ko katako. Kada mu rungumi ɗan'uwa, sai mu nutse tare.

Wani zai ce, ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne, rai a hannun Allah ya ke. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar akuyarsa a sake cikin gona da damina ya ce ya dogara ba. A kan ɗaure ta tukuna. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa ƙanensa da ɗansa kafin su fita cin rani bana.

Tambayoyi

1. Daga ina Gulbin Sakkwato ya faro?
2. Su wane ne Gungawa?
3. Mene ne bambancin farin ruwa da baƙin ruwa?
4. Don me tafiyar safe ta fi ta yamma?
5. Faɗi abu uku da za ka duba kafin ka shiga jirgi.