Ko Ka Sani? Ɗan Kuregen da Ya Ci Kofin Duniya na Pokémon

A ranar Lahadi, 17 ga Agusta 2014, a birnin Washington na Amurka, wani matashi ɗan Koriya ta Kudu mai suna Se Jun Park ya lashe gasar duniya ta wasan bidiyo na Pokémon a rukunin manya. Ya doke Jeudy Azzarelli na Amurka ci biyu da nema. Amma abin da ya sa masu wasan ba su daina zancen wannan rana ba shi ne wata 'yar halitta da ya shigo da ita cikin tawagarsa: Pachirisu, farin kurege mai ratsin shuɗi da kumatu ruwan ɗorawa, wanda littafin bayanin wasan ya ce tsayinsa santimita 40 ne, nauyinsa kuma kilo 3.9. Kafin wannan gasa, duk wanda ya ga Pachirisu a tawagar wani sai ya ɗauka ko dai sabon shiga ne, ko kuma ya zo raha.

Ga wanda bai taɓa riƙe na'urar ba, Pokémon wasa ne da kamfanin Game Freak na Japan ya ƙirƙira, Nintendo ya fitar da shi a 1996 da halittu 151. Yanzu sun haura dubu. Kana kama su, ka horar da su, ka gwabza su da na wani. Kowace halitta tana da jinsinta, guda ɗaya ko biyu daga cikin goma sha takwas, kuma jinsunan suna cin juna: ruwa na kashe wuta, wuta na cinye tsiro, lantarki na illata ruwa da masu tashi sama, shi kuma lantarki ba ya yi wa jinsin ƙasa komai. Kowace tana shiga fage da dabaru huɗu kacal, da baiwa guda da aka halicce ta da ita, da abu guda da za ta riƙe.

A gasar duniya ba ɗaya da ɗaya ake karawa ba, biyu da biyu ne. Ka zo da shida, abokin karawa ya ga naka ka ga nasa, kowa ya zaɓi huɗu, biyu a fage biyu a ajiye. A kowane zagaye kuna ba da umarni a lokaci guda ba tare da wani ya ga na wani ba, sannan wanda ya fi sauri ya fara motsi. Karawa guda ba ta cika daɗewa ba, sau da yawa zagaye kaɗan ne an gama. Saboda haka zagaye ɗaya da ya tafi a banza babbar asara ce, kuma duk labarin Pachirisu a nan ya ta'allaƙa.

In aka duba alƙaluma, masu raina shi suna da hujja. Pachirisu ya fara fitowa ne a 2006, a wasannin Diamond da Pearl, lambarsa 417. Jimillar makin ƙarfinsa 405 ce. Garchomp, dodon da ya cika tawagogi a 2014, yana da 600. Makin dukan Pachirisu 45, na Garchomp 130. Ba ya rikiɗa ya zama wani abu mafi girma, yadda ka kama shi haka zai tabbata. Da irin wannan hannu ba zai kayar da kowa ba. To, Se Jun bai ɗauko shi don ya kayar da kowa ba.

Matsalar da ke gabansa Gyarados ce. Wannan ƙaton macijin ruwa shi ne takobin tawagar. Yana da wata dabara, Dragon Dance, wadda in ya yi ta sau ɗaya ƙarfin dukansa da saurinsa za su ƙaru da rabi, in ya maimaita su ninka. Da ya samu haka, ya kuma yi rikiɗar Mega da wasannin X da Y suka zo da ita a 2013, sai ya yi ta kwasar abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Sai dai zagayen da yake wannan rawa bai doki kowa ba, a buɗe yake. Ga shi kuma jinsinsa ruwa ne da tashi sama, duka biyun abincin lantarki, don haka harin lantarki sau huɗu yake ninkuwa a jikinsa, ko bayan ya rikiɗa ma sau biyu ne. A shekarar da masu harin lantarki irin su Rotom da Zapdos da Manectric ke yawo a tawagogi da dama, fito da Gyarados haka siddan ganganci ne. Ana bukatar wanda zai tsaya masa.

Aikin da dabarar Follow Me ke yi ke nan. Wanda ya yi ta, duk harin da abokan gaba suka auna kan mutum ɗaya a wannan zagaye kansa zai koma, ko da ba shi aka nufa ba. Kuma tana cikin dabarun da ke riga harin yau da kullum fita, ko mai yin ta ya fi kowa nawa. Kamar dogarin da ya sha gaban sarki ne, duk jifan da aka yi a jikinsa zai sauka.

Masu jan hari ba baƙi ba ne a gasar. Wanda kowa ya sani a lokacin shi ne Amoonguss, wata halitta mai siffar laimar kwaɗi, mai yawan rai, wadda ke yin irin wannan aiki da dabarar Rage Powder, ga kuma wata da take sa abokin gaba barci. Togekiss, da aka saba da shi a shekarun baya, ba ya cikin jerin waɗanda dokar 2014 ta yarda da su, domin halittun da ke kundin yankin Kalos na wasannin X da Y kawai aka bari. Ashe ke nan Amoonguss ne zaɓin mai hankali? Ga tawagogi da yawa, eh. Amma X da Y sun sauya wata ƙaramar doka: dabarun da ke aiki da hoda sun daina tasiri a kan halittun jinsin tsiro, da kuma duk wanda ya riƙe wani tabarau mai suna Safety Goggles. Rage Powder hoda ce. Wato Rotom ɗin nan mai siffar injin yankan ciyawa, wanda ya haɗa lantarki da tsiro, zai bi ta gefen Amoonguss kamar ba ya wurin, ya sauke wa Gyarados aradu. Follow Me ba hoda ba ce, babu ruwanta da wannan doka. Bayan haka Amoonguss yana tsoron wuta da masu tashi sama, a shekarar da Talonflame da Charizard suka cika gari. Pachirisu rauninsa guda ne tak, jinsin ƙasa, harin masu tashi sama kuwa rabinsa ne ke shiga jikinsa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne baiwarsa. Pachirisun da aka saba kamawa yana zuwa ne da baiwar gudu daga faɗan daji ko ta tsince-tsince, waɗanda ba su da wani amfanin a zo a gani a gasa. Amma yana da wata ɓoyayyiya, Volt Absorb: in harin lantarki ya same shi, maimakon ya ji ciwo sai rubu'in ransa ya dawo. Haɗa wannan da Follow Me ka ga halin da abokin karawa ke shiga. Ya ga Gyarados a fage, yana da makamin da zai gama da shi a bugu ɗaya. In ya harba, Pachirisu ya ja harin, ya ƙara lafiya, Gyarados ya yi rawarsa. In bai harba ba don tsoron haka, makamin da ya kawo musamman don wannan rana ya zama ado. Ko ƙoƙarin ƙona Gyarados aka yi, wanda ke rage ƙarfin duka da rabi kuma Rotom ya shahara da shi, a kan kuregen wutar za ta faɗa. Za ta riƙa cin ransa kaɗan-kaɗan, amma ƙarfin dukan da ta rage masa dama can ba shi da shi.

Sai batun yadda aka gina shi. Wasan yana ba kowace halitta makin horo 510 da mai ita zai raba yadda ya ga dama, ba a wuce 252 a fanni guda. Se Jun ya zuba kusan duka a kan yawan rai da juriyar dukan jiki, bai kashe su a kan hari ba. Ya zaɓi mai ɗabi'ar Impish, wadda ke ƙara juriyar jiki da kashi goma cikin ɗari, ta rage wani fannin hari da dama ba a amfani da shi. Juriyarsa ga harin nesa, irin su wuta da aradu, dama 90 ce, ba laifi. Ya kuma ba shi ɗan itacen Sitrus ya riƙe, wanda da zarar rai ya yi ƙasa zuwa rabi sai halittar ta cinye, rubu'i ya dawo. A wasan ƙarshe an ga amfanin wannan lissafi ƙuru-ƙuru. Salamence na Azzarelli ya saki Draco Meteor, hari mai ƙarfin 130, ya sauka a kan Pachirisu. Kuregen ya shanye, ya ci ɗan itacensa, ya ci gaba da tsayuwa, zauren ya kaure da ihu. Wani abin da mai kallon nishaɗi zai iya tsallakewa shi ne, Draco Meteor yana rage wa mai yin sa ƙarfin harin nesa da rabi bayan ya sake shi. Salamence ya kashe harsashinsa mafi tsada a kan wanda bai nufa ba, ya koma da rauni.

To a zagayen da babu bukatar jan hari fa, zaman kashe wando zai yi? A'a, kuma nan ne mai rauni ya sami hanyar cizo. Super Fang ba ta duba ƙarfin mai yin ta, rabin ran da ya rage wa abokin gaba take yankewa, ko wane ne shi, in dai ba jinsin fatalwa ba ne. Mai rai 200 zai koma 100 a cizo ɗaya, daga bakin kuregen da makin dukansa 45 ne. Daga nan abokan tawagarsa, Garchomp ko Talonflame ko Gardevoir, sai su ƙarasa. Ita kuwa Nuzzle ƙarfinta 20 ne kawai, abin dariya, amma duk wanda ta taɓa sai jikinsa ya shanye, ban da jinsin ƙasa da na lantarki da 'yan tsirarun da baiwarsu ke kare su. A dokar wancan lokaci shanyewar jiki na mayar da sauri rubu'in yadda yake, kuma a kowane zagaye akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu halittar ta kasa motsi sam. A wasan da wanda ya riga duka yakan riga nasara, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ta huɗu ita ce Protect, kariyar zagaye guda da kusan kowa ke ɗauka a karawar biyu da biyu.

Kada dai a ɗauka an sami maganin komai. Follow Me ba ta jan harin da ke game fage. Earthquake, girgizar ƙasa, tana dukan kowa da ke tsaye, har abokin tafiyar mai yin ta, kuma ita ce ainihin raunin Pachirisu. Garchomp, wanda ke yin ta, yana ko'ina, har a tawagar Se Jun ɗin kansa, don haka in suna fage tare dole a san lokacin da kuregen zai kare kansa. Kangaskhan, sarauniyar shekarar 2014, tana da Fake Out, marin da ke riga Follow Me fita ya hana wanda ya sha shi motsi a wannan zagaye. In kuma abokin karawa ya gano za ka ja hari, zai iya haɗa masa duka biyu a kai ya kawar da shi, ko ya yi amfani da zagayen ya gyara nasa tsayuwar. Saboda haka kowane zagaye sai Se Jun ya karanci zuciyar wanda ke gabansa: zai kai wa Gyarados ne, ko ya san zan kare shi? Shi ya sa ba na yarda da masu ba da labarin kamar wani ne ya ɗauko abin da yake ƙauna don kyansa, sa'a ta taimake shi. Se Jun ya daɗe ana damawa da shi a manyan gasa kafin 2014. Ya duba abin da mutane za su kawo, ya ga gurbin da ke tawagarsa, ya nemo halittar da ta cike shi daidai. Akwai kuma ribar ba-zata, domin kowa ya haddace yawan dukan da Amoonguss ke iya sha, amma 'yan kaɗan ne suka taɓa zama suka yi wannan lissafi a kan Pachirisu.

Nasarar ta sa ya zama ɗan Koriya ta Kudu na farko da ya ci kofin a rukunin manya, bayan Ray Rizzo na Amurka ya riƙe shi sau uku a jere daga 2010 zuwa 2012, Arash Ommati na Italiya kuma ya karɓa a 2013. Daga baya kamfanin ya raba wa 'yan wasa kyautar Pachirisu mai dabaru huɗun nan iri ɗaya. Mutane da yawa sun sa shi a tawagoginsu suna jiran abin al'ajabi, sai dai yawancinsu ba su da Gyarados ɗin da ke bukatarsa, kuma yanzu kowa ya san me zai yi tun kafin ya ɗaga hannu.

Dokar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2015 aka buɗe ƙofa ga yawancin halittun da aka hana a 2014, Landorus mai jinsin ƙasa ya dawo fage, shi da Nuzzle ba ta taɓa shi, ga girgizar ƙasa a hannunsa. A gasar duniya ta wannan shekara a Boston, Shoma Honami na Japan ne ya yi nasara, da Landorus da Kangaskhan a tawagarsa, mai ja masa hari kuwa Amoonguss ne. Da wasannin Sun da Moon suka fito a 2016, aka sassauta shanyewar jiki, ta koma rage rabin sauri maimakon kashi uku cikin huɗu.